Kyandir a Rijiyar Eliseo

"Mama, ki dube ni. Don Allah ki juyo ki dube ni ko sau ɗaya."

Noemi ce durƙushe a tsakiyar kicin, hannayenta sun yi baƙi ƙirin da ruwan inabi, don daga gona ta faɗo ko wanke su ba ta tsaya yi ba. Uwarta Amparo tana gaban murhu tana juya tortiya, wato fallen wainar masara, a kasko da yatsunta, kamar babu mai magana a ɗakin.

Ni ina gefe ina tsince wake. Ni ce Chayo, yayar Amparo uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yanta suna ce mini Tía, wato inna, ni ke dafa wa masu yankan inabi abinci a gonar nan tun kafin a haifi yarinyar. Wai ni ce babba, amma tun da mijin Amparo ya rasu gona ta koma hannunta, girmana bai wuce bakin tukunya ba.

"Na san fuskarki, ni na haife ta," in ji Amparo ba tare da ta juyo ba. "Ranar Lahadi iyayen Octavio za su zo neman aurenki. Ki kankare baƙin nan daga farcenki kafin ranar."

"Ni ban ce su zo ba."

"Ni na ce."

"Mama, Balta nake so! Kin sani, Tía Chayo ta sani, ko karnukan gidan nan sun sani. Me ya sa za ki yi mini haka?"

Sai a nan Amparo ta juyo. Ta bar tortiyar a kasko har ƙaurinta ya cika ɗakin.

"Kada ki ƙara shigo mini da sunan nan cikin kicin. Muddin ina numfashi, mutumin da ɗana ya mutu dominsa ba zai zauna a teburina ya ci abincina ba."

Noemi ta kifa kai a cinyata ta fashe da kuka. Ni kuwa na ci gaba da tsintar wake, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba mai daɗi ba ne.

Ga yadda abin ya faru, shekara uku ke nan bana.

A ƙasan ɗakin tsiminmu akwai tsohuwar rijiyar siminti da kakannin yaran suka gina, inda ake zuba matsattsen inabi ya tsimu. Inabi in yana tsimuwa huci yake fitarwa. Ba a ganinsa, kuma nauyi gare shi, duk inda rami yake can yake gangarawa ya kwanta. Wanda ya shaƙe shi ko ihu ba ya samun yi. Shi ya sa duk yaron da ya tashi a kwarin Guadalupe namu na ƙasar Meziko doka biyu ake fara cusa masa. Kafin ka shiga rijiya ka ɗaura kyandir a doguwar waya ka zura, in wutar ta mutu kada ka shiga. In kuwa wani ya faɗi a ciki, ko ubanka ne, kada ka bi shi sai da igiya a ƙugu.

Eliseo, yayan Noemi, ya san dokokin nan kamar sunansa. Balta ma haka. Iyayen Balta daga Oaxaca suka zo yankan inabi suka zauna, yaran biyu tare suka girma, kwano ɗaya, dukan Amparo ɗaya.

Ran nan an janye ruwan rijiyar, saura dusar inabin da za a kwashe da shebur. Sauri suke yi za su tafi rawa garin Ensenada. Ga kyandir, babu ashana. Suka yi dariya suka ce ai tun safe take buɗe. Balta ya sauka, ya cika shebur ɗaya, ya zube.

Eliseo bai nemi igiya ba. Ya dira, ya ɗora abokinsa a kafaɗa, ya tura shi sama ta kan tsani har ma'aikata biyu suka cafko wuyan rigarsa. Da suka shimfiɗe Balta suka koma suka leƙa, sai suka ga Eliseo zaune a kan dusar, ya jingina da bango kamar mai hutawa.

Tun daga ranar ba a sake zuba ko ƙwaya ɗaya a rijiyar ba. Aka sayi tankokin ƙarfe aka jera a sama, aka sayi fanka mai dogon tiyo ta zuƙe huci, ita kuwa rijiyar aka rufe ta da katako.

Amma duk kaka, in rana ta yi sanyi, Amparo takan shiga ɗakin ita kaɗai. Wata rana na bi bayanta. Na ga ta janye katako ɗaya, ta kunna kyandir, ta zura shi a hankali.

"Eliseo," ta ce, "Mama ce."

Wutar ta sauka. Ta ƙanƙance, ta yi shuɗi, ta yi ta ja da baya har ta mutu. Amparo ta yi wani murmushi da rabon da in gani a fuskarta tun ranar jana'iza.

"Kin gani, Chayo? Ya hura."

"Haba Amparo! Hucin tankokin nan ne ke gangarawa ciki. Ke kika koya wa yaran nan wannan."

"Na san abin da na sani," ta ce, ta mayar da katakon.

Ni mace ce da ba ta ɗaukar shirme. Amma gaskiya ɗaya ce, ko ni in na gifta ta bakin rijiyar nan tsigar jikina tashi take yi, kuma karnukanmu da ke bin mutum har bayi ba sa tsallake ƙofar ɗakin.

Washegarin kukan Noemi, wato Juma'a, hazon teku bai gama ɗagawa daga kan layukan inabi ba na kai wa ma'aikata kofi. Na tarar da Octavio ya riga ni, ya jingina da farar motarsa yana zuba wa Amparo zance. Ɗan maƙwabcinmu ne Don Heriberto, mai rijiyar burtsatsen da ba ta ƙafewa ko a shekarar fari. Ban ce mugun yaro ba ne. Kawai dai ban taɓa ganin mai gonar inabi da takalminsa ke ƙyalli a tsakiyar kaka ba sai shi.

"Doña Amparo, Baba ya ce in an gama biki, tiyo ɗaya za a ja daga wajenmu, tsofaffin kuringun inabinku na gefen dutse su sha su ƙoshi."

"Allah ya saka masa."

"Ita kuma Noemi ta huta da almakashi. Hannun mace ai ba na wannan wahala ba ne."

"Wannan hannun shi ya yanko abin da kake sha," na ce ina miƙa masa kofi. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi.

Ana cikin haka sai ga Balta ya fito daga cikin layi, ya sauke akwatin inabi daga kafaɗa, ya cire hularsa. Shekara uku yana aiki a gonar nan bai yarda sun haɗa ido da Amparo ba. Ita ba ta kore shi ba, shi kuma bai tafi ba. Almakasan ma'aikata suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Doña Amparo, ina neman izinin magana."

"Akwatinka bai cika ba."

"Zan cika shi. Doña, na ji za a zo ranar Lahadi. Ba ni da ruwa, ba ni da gona. Amma ina son Noemi, ita ma tana sona. Na ce kada in bari a wuce ban faɗa da bakina ba."

Octavio ya yi gyaran murya. "Balta, abokina, ka bari mana. Ba ka ganin kana fama mata ciwo?"

Amparo ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta dubi Balta tun daga ƙafa har kai. Ina jin ranar ce ta fara ganin yadda ya rame.

"A wajenmu," ta ce, "in yarinya ba ta da uba, wa ake tambaya?"

"Yayanta, Doña."

"To je ka tambaye shi."

Ba wanda ya motsa.

"Gobe in rana ta yi sanyi ka zo ɗakin tsimi. Da hannunka za ka zura kyandir. In ya kai ƙasa yana ci, Eliseo ya ba ka, ni ma na ba ka, Octavio shaida ne. In ya hura, ka ɗauki jakarka ka bar mini gona."

Wata tsohuwa cikin masu yanka ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Kowa a wurin ya san tankoki huɗu ke tafasa a ɗakin nan. A irin wannan mako ko fitilar ƙwai ka zura ba za ta kai rabi ba.

"Na yarda," in ji Balta. Ya mayar da hularsa, ya ɗauki akwatinsa.

Da rana lokacin hutu na je kwasar kwanuka a ƙarƙashin itatuwan zaitun, sai na ji muryar Noemi a bayan tarin akwatuna. Ba zan ce ban tsaya ba. Kwanukan ba gudu za su yi ba.

"Me ya sa ka yarda? Ka san tarko ne! Ka san zai mutu!"

"Na sani."

"To hauka kake yi? Mu tafi, Balta. Yau ɗin nan. 'Yar'uwarka tana Ensenada, fada zai ɗaura mana aure a coci ko Mama ba ta zo ba."

"In ɗauke mata ɗa, in dawo in ɗauke mata 'ya?"

"Ba kai ka ɗauke shi ba! Shi ya dira!"

"Domina ya dira, Noemi."

Ta yi ta kuka tana dukan ƙirjinsa da hannu biyu, shi ko tarewa bai yi ba.

"Ba ki san wani abu ba," ya ce da ta lafa. "Ban tuna faɗuwata ba, ban tuna komai ba. Abu ɗaya na tuna, tafin hannunsa a nan, a gadon bayana, yana tura ni. Har yau yana nan. In na sunkuya yankan inabi sai in ji shi. Jiya da hazo ya rufe layin gefen dutse, na ji fiton da yake yi wa karnuka, na amsa kafin in tuna."

"Kai ma ka zama Mama."

"Wataƙila."

"To ni fa? Ni ina raye, Balta! Gidan nan kowa da Eliseo yake kwana, da shi yake tashi. Ni ma yayana ne, ni ma na yi kukansa. Amma na gaji. Ina so wani ya zaɓe ni ko sau ɗaya, ni da ke numfashi."

"Ke na zaɓa, shi ya sa na tsaya gabanta."

"Ka tsaya ka miƙa wuya dai." Ta ja hanci, muryarta ta canza. "Shi ke nan. Kai dai ka zo gobe. Ka bar mini sauran."

"Noemi, kada ki taɓa komai."

Ta fito ta gan ni rungume da kwanuka, ta harare ni da jajayen idanu ta wuce.

Duk Asabar Amparo takan kai furanni maƙabarta. Wannan karon Octavio ne ya zo ya ɗauke ta a motarsa, har da buɗe mata ƙofa, bai san alherin da yake yi wa abokin takararsa a neman aure ba. Motar na ɓacewa a kwana na fara jin gurnanin fanka daga ɗakin tsimi.

Na leƙa ta taga. Noemi ta janye katakan gaba ɗaya, ta zura tiyon har ƙasan rijiyar, ta wangale ƙofar gaba da ta baya. Tana tsaye nesa da bakin, ta harɗe hannu, leɓɓanta na motsi. Ban sani ba ko addu'a take yi ko haƙuri take ba yayanta.

Na koma kan tukunyata. Raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba. Na ce yau dai yarinya ta fi uwarta wayo.

Sai da muka hango motar a kan tudu ta kashe fankar, ta naɗe tiyon, ta jera katakan. Ƙofar baya kuwa ta bar ta a ɗan buɗe, ta kare da ganga.

Rana ta yi sanyi muka shiga, mu biyar. Ma'aikata suka yi cirko-cirko a waje, ba mai son matsowa. Ɗakin ya yi duhu-duhu, babu abin da ake ji sai ɓulɓular tankoki. Amparo tana sanye da baƙar rigarta ta maƙabarta. Ita ta janye katakon, ita ta kunna kyandir ɗin, ta miƙa wa Balta wayar ba tare da yatsunsu sun haɗu ba.

Balta ya durƙusa a bakin rijiyar. Rabonsa da wurin tun ranar da aka fito da shi. Na ga ya ja numfashi, ya ɗan tsaya, ya waiga wajen ƙofar baya, sannan ya dubi Noemi. Ta sunkuyar da kai.

"Yi magana," in ji Amparo. "Ba a shigar masa babu sallama."

"Eliseo," ya ce. "Ni ne. Balta ne, ɗan'uwana. Na zo neman Noemi."

Ya fara sakin wayar.

Wutar ta wuce matakin tsani na farko. Ta wuce inda siminti ya yi jan zobe, inda kullum take fara ƙanƙancewa. Ba ta ƙanƙance ba. Ta ci gaba da sauka tana haska bangon, har muka ga abin da ba mu gani ba shekara uku, ƙasan rijiyar, da ɗan ruwan da ya kwanta a gefe, da sheburin nan a yashe inda ya faɗi.

Kyandir ya zauna a ƙasa yana ci, tsaye kyam.

Noemi ta damƙe hannuna har na ji zafi. Octavio ya cire hula ya sosa kai. Ni har na buɗe baki zan ce to Amparo, magana ta ƙare, sai na ga fuskarta.

Ba fushi na gani ba. Da fushi ne da sauƙi.

Ta durƙusa a hankali, ta dafa bakin simintin da hannu biyu, ta leƙa.

"Eliseo?"

Shiru.

"Eliseo, Mama ce. Ga ni nan. Hura mana, ɗana."

Wutar ko kaɗawa ba ta yi ba.

"Wasa kake yi mini ko? Ka daina. Na kai maka furanni yau, shi ya sa na makara. Hura, yaron kirki. Sau ɗaya kawai."

"Mama..." in ji Noemi.

"Yi mini shiru, ba ya jina!" Ta ƙara sunkuyawa har rabin jikinta ya shiga, na riƙo rigarta ta baya. "Chayo, babu kowa. Dubi, babu kowa a ciki. Ina ya tafi? Wa ya kore mini shi? Eliseo! Kada ka bar ni a gidan nan ni kaɗai!"

Irin kukan da ta yi ranar da aka fito da gawar Eliseo, shi ta sake yi. A nan na gane wautata da ta Noemi. Mu mun ɗauka tarko ta kafa wa Balta. Ita kuwa duk yammar da wutar nan ta mutu, ɗanta ne ya amsa mata. Da fanka ɗaya muka share mata shi.

Balta yana durƙushe kusa da ita, wayar a hannunsa. Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗago ya dubi Noemi, hawaye na bin fuskarsa.

Na ga wuyan hannunsa ya karkata.

Kyandir ɗin ya kife cikin ɗan ruwan nan, rijiyar ta koma duhu.

Kukan Amparo ya yanke kamar an rufe famfo. Ta zauna a kan dugaduganta tana haki, tana kallon duhun.

"Ya hura, Doña," in ji Balta. "Yana nan. Bai ba ni ba."

Ya ajiye wayar a gefenta, ya tashi ya fita. Ma'aikata suka dare masa hanya.

Noemi ta bi shi da gudu, ni ma na bi, na bar Octavio yana kama Amparo ta miƙe. A bakin ɗakin ma'aikata ta cim masa, yana cusa riguna a jaka.

"Na ga hannunka! Na gani da idona!"

"Na san kin gani."

"Mun ci, Balta! A gaban shaida! Ta ba ka ni, ka ɗauka ka jefar a ruwa!"

"Kin ji kukanta."

"Na ji! Ni nawa kukan fa? Ko sai na faɗa rijiya na mutu sannan za a ji ni a gidan nan?"

"Kada ki faɗi haka."

"Zan faɗa! Ka zaɓi matacce a kaina. Kai ma! Kai da na ɗauka..."

Ya ajiye jakar ya kama hannayenta, baƙaƙen nan da ta ƙi kankarewa.

"Noemi, da na aure ki a kan wutar nan, kullum muka zauna cin abinci muryarta zan riƙa ji tana cewa babu kowa a ciki. Sau ɗaya na kashe mata shi, ba da sanina ba. Ba zan iya na biyu ina kallo ba."

"To ni ka kashe."

"Gobe da safe motar masu tafiya yankan inabi arewa za ta tashi daga bakin titi. Ina sonki. Ko ina na je wannan ba zai canza ba."

Ta fizge hannunta. "Ka riƙe sonka. Ba ya tsinana mini komai."

Ta juya ta tafi tana tuntuɓe cikin layukan inabi. Ni na tsaya ina dubansa, ina so in zage shi, ina so in rungume shi, na rasa wanda zan fara. Ƙarshe na ce masa ya biyo ta kicin in ƙulle masa abincin hanya. Bai biyo ba.

Lahadi da safe na sami Amparo ta riga ni tashi. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur na baƙi, ta fito da farantan da ba a taɓa su sai an yi babban abu. Noemi tana ɗaki ta kulle kanta, ba ta amsa kiran kowa.

Na ɗaura zanin girkina ban ce mata ko sannu ba. Ta gama jera cokula, ta zauna, ta zuba wa taga ido.

"Chayo."

"Ina ji."

"Kin san tun ina 'yar shekara nawa nake zura kyandir a rijiya?"

"Tun kafin ki yi wayo."

"Wutar da huci ya kama a hankali take mutuwa. Sai ta yi shuɗi tukuna." Ta gyara wani cokali da ba ya bukatar gyara. "Ta jiya farat ɗaya ta tafi."

Na ajiye wuƙar da ke hannuna.

"Na ga hannunsa," ta ce. "Na ga ƙofar baya ma, da sawun tiyo a ƙasa. Tsufa na yi, ban makance ba."

"To me ya sa kika yi shiru kika bar yaro ya fita?"

"Don na so in yarda. Jiya kaɗai, na so in yarda." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ban runtsa ba, Chayo. Ya samu abin da yake so a tafin hannunsa. Ya ga mutum a ƙasa, bai tsaya neman igiya ba, ya dira. Ki gaya mini, wa kika sani mai irin wannan wautar?"

Na ja kujera na zauna kusa da ita.

"Shekara uku ina leƙen rami ina kiran ɗana," ta ce. "Ashe abin da ya turo mini sama yana nan yana ɗaukar mini akwatuna, ni ko ruwa ban taɓa miƙa masa ba."

Ta miƙe ta buɗe kabad. Ta ɗauko tsohon farantin nan mai tsaga a baki, na Eliseo, wanda ko ni ba ta bari in wanke. Ta goge shi da gefen rigarta, ta ajiye shi a kan farin mayafin, a kujerar da ke kusa da tata.

"Je ki kira shi. Ki ce abinci ya sauka."

Ban san ina da sauran gudu a ƙafafuna ba sai ranar. Na isa ɗakin ma'aikata na tura ƙofa. Gadon a gyare, ƙusar da yake rataya hula babu komai, almakashinsa na yanka a ajiye a kan matashi.

Na fito ina ƙwala wa Noemi kira. Ta buɗe taga, fuska a kumbure.

"Uwarki ta sa masa faranti! Farantin Eliseo! Ya tafi bakin titi!"

Ko takalmi ba ta nema ba. Ta taga ta diro.

Daidai lokacin aka buɗe ƙofar gona, farar motar Octavio ta shigo a hankali, ta Don Heriberto na biye, furanni cike da kujerar baya. Octavio ya taka birki ya leƙo da murmushi ganin amarya ta taho da gudu. Ta wuce ta gefensa ko kallo bai samu ba.

Can ƙasan tudu, a bakin titi, na hango motar masu tafiya arewa. An gama ɗaure kaya a samanta, hayaƙi ya fara fita ta bayanta.

Don Heriberto ya fito yana gyara hula, yana duban Amparo da ta tsaya a bakin ƙofa cikin baƙar rigarta. Ita ba shi take kallo ba. Ta haɗa tafukanta a baki, matar da shekara uku ba ta yarda sunan nan ya shiga kicin ɗinta ba, ta ɗaga murya har karnuka suka firgita.

"Balta! Baltasar! Dawo gida, ɗana!"